Akwatin kala mai kaya 150: abin da na gani bayan wata huɗu a hannun ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare

Ɗana Abba yana kwana goma sha ɗaya a kwance aka kawo mana akwatin nan. Daga kan amalanke ya faɗo. Ana kwaso karan dawa daga gonar kakansa, shanun suka razana da ƙarar babur suka fizga, shi kuwa yana can ƙololuwar kaya ya harɗe kamar hakimi. Ƙashin ƙafar dama ya karye a ƙasan gwiwa. An ɗan ja magana a gida tsakanin masu cewa a kira mai ɗori da masu cewa asibiti, ƙarshe dai babansa ya ɗauki shatar mota aka kai shi asibitin tarayya na Birnin Kudu, aka yi masa ɗaurin nan da muke ce wa siminti, tun daga tafin ƙafa har cinya. Makarantarsu kuwa tafiyar keke ce mai ɗan nisa. Ka ga ke nan ƙarshen zangon farko da mafi yawan na biyu a kan tabarma zai yi su.

Ni malamar firamare ce a ƙauyenmu, don haka lissafi da Turanci da kimiyya ba su ba ni tsoro ba. Abokinsa yana kawo littattafai duk yamma, mu kwafa, mu yi tare bayan isha da fitilar sola. Darasi ɗaya ne ya tsaya mini a wuya, na al'adu da fasaha, wanda 'yan ƙaramar sakandare suke kira CCA. Malaminsu, Allah ya saka masa da alheri, ya rubuto ayyuka biyar ya ce in Abba ya yi su zai ba shi makin gwaji kamar kowa: da'irar launuka, zanen wani abu da yake gani kullum, hoton da ake yi da liƙa ƙananan abubuwa, ƙera wani mazubi da jiƙaƙƙiyar takarda, sai zanen ado mai maimaita kansa irin na jikin ƙwarya ko bakin zane. Na karanta wa Yayana da ke Kano a waya, ina dai ba shi labari ne kawai. Bai ce komai ba. Bayan kwana uku sai ga yaron mota yana sallama da ƙunshi a hannu.

Akwatin roba ne shuɗi, mai hannu kamar jakar ma'aikacin banki, yana buɗewa gida huɗu. An rubuta 150 ɓaro-ɓaro a goshinsa. Yaya bai faɗi kuɗinsa ba, amma ya manta da 'yar takardar farashi a liƙe a gindi: Naira 9,500. Sunan da ke jiki ba zan kama ba, domin daga baya na ga irinsa sak a shaguna da sunaye daban-daban, wani ruwan hoda wani baƙi, duk 'yan Chana. In kun taɓa ganin ɗaya kun ga sauran.

Gaskiya ranar da aka buɗe shi ya yi kyau. Launuka jere reras, kowanne a raminsa, har yaran maƙwabta suka cika mana tsakar gida. Yaron da ya yi kwana goma sha ɗaya yana fama da ƙaiƙayin siminti da ƙunci, ranar na ga haƙoransa. Wannan ba zan hana wa akwatin ba, kuma ba zan hana wa Yaya ba.

Amma ni malama ce, abin da aka rubuta sai na ƙirga. Na sa Ummi ƙanwarsa, 'yar shekara shida, tana ɗagawa ina rubutawa. Maka 36. Kala irin ta kakin zuma 24. Kala mai maiƙo, gajeru masu laushi, 24. Fensir mai launi 24. Kalar ruwa, 'yan ƙwayoyi kamar alewa, 12. Shi ne 120. Sai buroshi ɗaya, fensir ɗaya, kilina, abin fiƙe fensir, rula, gam, almakashi, ɗan farantin haɗa launi, da wani guntun soso. Shi ne 129. Muka duba muka sake dubawa, sai ga wata 'yar leda a lungu da ƙananan ƙarafan nan na maƙale takarda guda 20. Shi ne 149. Abba ya yi shiru, can ya ƙwanƙwasa murfin ya ce, "Umma, har akwatin suka ƙirga." Da shi ɗin ne ya cika 150.

Abin da babu a cikin 150 ɗin nan shi ne takarda. Ko falle ɗaya. An ba ka abin maƙale takarda guda ashirin, ba a ba ka abin da za ka maƙale ba. Ga wanda ke birni wannan ba komai ba ne, ya leƙa shagon bakin layi. Mu nan littafin rubutu mai layi-layi kaɗai ake samu a teburin mai kanti, shi kuwa da ruwa ya taɓa shi sai ya tattare ya huje. Sai da na jira ranar kasuwa na ba da sautu aka sayo mini farar takarda a wurin masu hoton takardu, falle-falle suke sayarwa, da kwali fari guda biyu. Kafin nan abin da ya cece mu shi ne fostocin zaɓen 2023 da babansa ya tara a bayan ƙofa. Fuskarsu santsi ne da ita, ba abin da ke kama ta, amma bayansu fari tas, ga kauri. Duk wanda ya tsaya takara a mazaɓarmu, da wanda ya ci da wanda ya faɗi, Abba ya yi zane a bayansa. Ban taɓa ganin amfanin da suka yi mana kamar wannan ba.

Maka su ne suka fi yawa, su ne kuma suka fi ba ni haushi. Tun ranar farko tara ba su rubutu. Sauran, murafensu ba sa kamawa sosai, ga shi muna tsakiyar hunturu, iskar da ke fasa leɓe da dunduniya ba za ta bar bakin maka ba. Kafin sati uku saura bakwai masu rai. Na gwada dabarar da muke yi a makaranta, a cire toshiyar baya a ɗiga ruwa kaɗan, sai su farfaɗo kwana biyu da launi a dishe, su sake mutuwa. Kuma launin murfi ba shi ne launin da ke fitowa ba. Kore huɗu ne a jere, uku daga ciki in ka ja layi da su ba mai iya bambance su.

Fensiran launi gajeru ne, ba su fi tsawon yatsa ba. Abin fiƙewar da aka haɗo su da shi cin su yake, kana murɗawa bakin yana karyewa, sai ka wayi gari rabin fensir ya zama ɓawo. Muka ajiye shi muka koma reza, ni nake fiƙe masa. Kalar kakin zuma kuwa sai ka danna kamar kana sassabe kafin ta nuna, kuma da zafi ya shigo a watan Maris, ɗakin kwano ya yi aikinsa, duk suka lanƙwashe a ramukansu. Almakashin roba ne, yana tauna takarda ne, ba yanka ba. Gam ɗin ya bushe tun a hanya. Rula dai rula ce, ba ta yi laifin komai ba.

Kala mai maiƙon nan ita ce dukiyar akwatin. Da za a sayar mini da ita ita kaɗai da na saya ban yi ciniki ba. Aiki na biyu, zanen abin da yake gani kullum, Abba ya zaɓi jan san kakansa, ɗaya daga cikin biyun da suka kayar da shi. Turkensu yana daidai ƙofar ɗakin da yake kwance, kullum suna kallon juna. Ya fara zana shi da fensir a bayan fosta, ya goge ya fi sau goma, musamman wajen tozo da lebar wuya. Sannan ya shafa ja, ya ga ya yi jan tumatir, ba jan sa ba. Sai ya bi kai da ruwan ƙasa, ya sa babban yatsa ya murje. Nan fa abin ya haɗu, launukan suka narke cikin juna kamar man shanu a tuwo mai zafi. Ya sa baƙi a ƙarƙashin ciki ya murje, san ya yi nauyi, ya tsaya da ƙafafunsa. Da tsinken tsintsiya ya kankare layukan gashin jela, farin takarda ya leƙo ta ƙasa. Ban koya masa wannan ba, ni ma ban sani ba. Ya yini uku a kai, ko ƙorafin ƙaiƙayi bai yi ba. Aibinta biyu ne: tana ƙarewa da wuri, ja da ruwan ƙasa sun zama ƙwayar gyaɗa kafin a gama san, kuma tana ɓata hannu da zanen gado. Omo yana fitar da ita, amma sai an jiƙa.

Kalar ruwa ita ce ta biyu, kuma a kanta muka sha wahalar da ta zama ilimi. Buroshin da aka haɗo bai yi kwana biyu ba ya fara zubar da gashi, kana shafawa yana barin silin gashi a kan takarda kamar an yi aski. Da shi dai muka lallaɓa muka yi da'irar launuka. Abin da ke littafinsu shi ne launuka uku ne iyaye, ja da rawaya da shuɗi, daga su ake haifar da sauran. Ja da rawaya ya ba mu ruwan goro, lafiya lau. Rawaya da shuɗi ya ba mu kore, lafiya lau. Ja da shuɗi ya kamata ya ba mu shunayya, sai ya ba mu ruwan makuba. Ya sake, ya ƙara shuɗi, ya rage ja, kullum dai taɓo. Har ya fara cewa littafin ne ya yi ƙarya. Da na kalli jan da kyau a rana sai na ga ya karkata wajen ruwan goro, wato akwai rawaya a cikinsa tun asali. To in ka haɗa shi da shuɗi, iyayen nan uku ka tara wuri ɗaya, su kuwa in suka haɗu ruwan ƙasa suke bayarwa. Shi da kansa ya gwada ƙwayar ruwan hoda mai duhu da ke gefe, ya haɗa da shuɗi, sai ga shunayya kamar furen ƙaya. Duk wanda zai yi wannan aikin da irin akwatin nan, ya tsallake jan, ya ɗauki hodar.

Ayyuka biyu ke nan akwatin ya taimaka. Sauran ukun, ko kusa bai je ba.

Maganar gam ce ta kai mu zauren Baba, surukina, wanda Abba ya ci sunansa. Yana da makarantar allo tun kafin a auro ni. Ya shigo duba jikan nasa, ya tarar da shi cikin tarkace, ya zauna a bakin tabarma yana juya busasshen gam ɗin a hannu.

"Takwara, wannan kuma maganin me?"

"Gam ne, Kaka, amma ya mutu."

"Har yau ban ga ƙaron da ya mutu ba," in ji shi. Ya aika almajiri ya ɗauko wani ƙullin tsumma.

Na ce, "Baba, kada mu ƙarar muku da na tawada."

Ya ce, "Ke dai kawo kwano."

Ƙaro ne na ɗakwara, 'yan dunƙule kamar ƙanƙara mai ruwan zuma. Ya sa aka jiƙa dintsi ɗaya a ruwa rabin kofi ya kwana, da safe ya narke, muka tace da ƙyalle don a fitar da ɓawon itace da ƙasa. Shi ke nan gam. Yana liƙe takarda, yana liƙe ƙwaya, kuma in ya bushe a kwano ka ɗiga ruwa ya dawo. Sannan ya nuna wa takwaran nasa yadda yake haɗa tawada: a niƙe gawayi ya yi laushi kamar kwalli, a zuba ruwan ƙaro a yi ta murzawa. Ya fiƙe masa alƙalamin kara, ya tsaga bakin. Layin da alƙalamin nan ya ja, babu maka ɗaya cikin 36 da ta ja irinsa. Baba dai ya gindaya sharaɗi, ban da zanen fuskar mutum, kuma san nan kada a rataye shi a inda ake salla. Muka ce to. Ni na san ya tsaya ya daɗe yana kallon san kafin ya fita, har ya ce ƙahon hagu ya fi haka lanƙwasa.

Daga nan Abba ya ce in gawayi da ƙaro sun ba da baƙi, me zai hana jar ƙasa ta ba da ja? Aka ɗebo masa jar ƙasa daga kududdufin da ake yin bulo, da farar ƙasar da ake shafe ɗaki, da bular wanki. Kowacce a jiƙa ta a roba, a dama, a ɗan dakata yashi ya kwanta, a tsiyaye ruwan da ke sama mai launi a wani kwano, a bar shi ya kwana. Abin da ya kwanta a gindi shi ake so, laushi kamar kullu. A murza shi da bayan cokali da ruwan ƙaro, a zuba a murafen kwalbar lemo, a shanya. Da suka bushe sai ga su kamar ƙwayoyin cikin akwati, ka taɓa da jiƙaƙƙen buroshi su ba da launi. Sirrin yana wajen awon ƙaro. In ya yi kaɗan, launin zai bushe ya koma gari, ka shafa ya bi hannunka. In ya yi yawa, sai ya yi ƙyalli ya tsattsage. Sai da muka ɓata murfi shida kafin muka gane daidai, wajen cokali ɗaya na ƙaro ga biyu na ƙasa, kodayake farar ƙasa ta fi shan ƙaro. Da malamin nasu ya zo dubiya ya gani, sai ya yi dariya ya ce ai kalar ruwa mai tsada da manyan masu zane ke saya a Turai, ƙaron nan ne ke riƙe da ita, irin wanda ake tsinta a dazukan Jigawa da Yobe da Borno a loda a fitar, Sudan kuma ita ce kan gaba a duniya wajen sayar da shi. Wato abin yana bayan gidanmu, sai ya je ya zaga duniya ya dawo a kwali.

Zoɓo ma mun gwada, tunda a jiharmu ba a rasa shi. Ruwansa mai kauri yana ba da ja mai kyau. Ka ɗiga lemon tsami ya ƙara haske, ka ɗiga ruwan kanwa ya juye ya koma wani kore-kore mai duhu a gaban idonka. Ummi ta ɗauka siddabaru ne. Sai dai ba ya riƙe alkawari, bayan sati biyu duk ya koɗe ya koma ruwan ƙasa. Na wasa ne, kada a yi aikin da za a kai wa malami da shi.

Aikin liƙa ƙananan abubuwa shi ne ya fi ba mu dariya. Abba ya kwafi taswirar Jigawa a kan kwali, ya raba ta masarautu biyar, kowacce da irin ƙwayarta: Haɗeja shinkafa, Gumel riɗi, Kazaure farin wake, Ringim gero, tamu ta Dutse jar dawa. Iyakokin ya bi su da tawadar Kaka. Yana shafa ƙaro kaɗan-kaɗan, yana jera ƙwaya da tsinke, riɗin kuwa barbaɗa shi ya yi ya kakkaɓe. Kwana huɗu ya ci. Muka jingine a bango ya bushe. Da asuba na haska fitila sai na ga layin kiyashi tun daga bakin ƙofa, sun kwashe rabin Gumel, kowanne da ƙwayar riɗi a ka. Aka gyara, aka fitar rana, kafin in juya kaza ta sauka a kan Ringim. Karo na uku muka bi saman da ruwan ƙaro sau biyu, ya bushe ya yi kamar gilashi, muka sa a leda muka rataye a azara. Da haka ya isa hannun malam da masarautunsa biyar cif.

Na jiƙaƙƙiyar takarda ba shi da wani dogon labari. Tsofaffin takardun jarrabawar 'yan ajina muka yayyaga, suka kwana uku a ruwa, na daka a turmi, uwar mijina tana ta mitar an mai da turmin fura abin wasa. Muka matse, muka cuɗa da dafaffen sitacin rogo, ya lulluɓa a bayan kwanon sha da aka rufe da leda. A nan hunturu ya biya bashin makar da ya kashe, kwana biyu ya bushe ƙamas. Ya shafe shi da farar ƙasa, ya zagaye shi da ado irin na jikin ƙwarya da jar ƙasa da tawada, ya haɗa aiki na huɗu da na biyar a abu ɗaya. Malam ya karɓa.

A zuwanmu asibiti na ƙarshe, bayan an cire simintin yana takawa da sanda, babansa ya ce tunda mun zo gari bari a kai shi ya ga zanen duwatsu. Abin kunya, shekarata nawa a ƙasar nan ban taɓa zuwa ba, alhali ina koya wa yara sunayen Dutsen Mesa da Dutsen Habude. Tun shekarun 1950 masu binciken tarihi suka rubuta labarinsu, yanzu kuma suna hannun hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa. Shanu ne aka zana a jikin dutse, a inda ruwan sama ba ya duka, yawanci da launi ja-ja, wasu sun dishe sai an nuna maka. Akwai kuma duwatsun da ake bugawa su yi amo kamar ƙarfe. Abba ya tsaya babansa yana tallafe da shi, ya ƙura ido, can ya ce, "Baba, shanunsu ba su da tozo." Na duba, haka ne, ga dogayen ƙahoni, amma bayan a shafe. Shi da ya yini uku yana fama da tozon jan sa, shi ya fara gani. Sannan ya ce launin irin na murfin lemonsa ne. Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba, amma a ido dai kamar ɗan'uwansa.

Akwai abu ɗaya da zan ja kunnen iyaye a kai. Babu adireshin wanda ya yi akwatin a jiki, babu bayanin abin da aka haɗa launukan da shi. Ƙwayoyin kalar ruwa kamar alewa suke, murafen maka kuma daidai maƙogwaron mai rarrafe. Wata rana na tarar da ɗan maƙwabciyata, ɗan shekara biyu, da shuɗin harshe. Bai yi komai ba, alhamdu lillahi, amma daga ranar akwatin ya koma saman sif.

To wa zai saya? In kyauta za ka yi wa ɗan shekara shida ko bakwai, ko mai jinyar da kake so ka ga dariyarsa, saya, zai yi murna, sati biyu ko uku zai yi yana murnar. Amma ɗan ƙaramar sakandare mai aikin da za a ba shi maki, ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Cikin kaya 150, waɗanda suka yi mana aiki na gaske 36 ne, kala mai maiƙo da kalar ruwa, sai rula in an matsa. Da kuɗin a hannuna suke, da farar takarda zan fara saya, sai kwali, fensir HB da 2B, kilina mai kyau, buroshi biyu ƙarami da babba, fakitin kala mai maiƙo guda, da almakashi na ƙarfe. Canjin in sayi ƙaro a wurin 'yan koli. Akwatin kansa, ban da sharri, yana da ƙwari. Maɓallinsa ɗaya ya karye amma har yanzu yana rufuwa, kuma a ramukan makar da suka mutu Abba yake jera alƙaluman kara.

Wahalar da ta rage mini ita ce yadda zan gaya wa Yaya, don ba a raina kyauta, balle ta babban wa. Sai ga shi shi ya kira da kansa kafin azumi, yana murna.

"Maman Abba, na ga wani ya fi wancan, kaya 208 ne a ciki, har da ɗan allon jingina takarda. In sayo wa ɗana?"

Na ce, "Yaya, Allah ya ƙara buɗi, Allah ya bar zumunci. Amma da za ka ji tawa, takarda za ka sayo masa, bandir ɗaya, mai falle 500. Da buroshi biyu."

Ya yi shiru. "Takarda? Fara kawai, ba komai a jiki?"

"Ita fa, Yaya."

Ranar Asabar yaron mota ya sake sallama. Bandir ɗin takarda ne, da buroshi ba biyu ba, shida, a ɗaure da kyauro. Ummi ta karɓa ta ce ita za ta ƙirga ko sun cika 500.